Iska Da Lilon Zamani: Abin Da Ya Sa A Ke Tsai Da Wasa Ana Tsakiyar Biki

A 'yan shekarun nan bukukuwan Salla suna faɗowa ne daidai lokacin da damina ke kankama a jihohin Kudu. A shekarar 2024 an yi Ƙaramar Salla ranar 10 ga Afrilu, Babbar Salla kuwa ranar 16 ga Yuni. A 2025 Ƙaramar ta zo ranar 30 ga Maris, Babbar ta zo ranar 6 ga Yuni. In aka haɗa da bikin Ista da Ranar Yara ta 27 ga Mayu, za a ga ranakun da wuraren wasan yara suka fi cika a Ikko da Badun da Fatakwal su ne ranakun da hadari ya fi tasowa da iska mai ƙarfi.

Magidanci ya kwaso iyalinsa daga Agege ko Idi-Araba ko Sabo, ya sha cunkoson motoci, ya biya kuɗin shiga, yara sun daɗe a layi, sai kawai ma'aikaci ya ja sarƙa ya ce an tsai da lilo saboda iska. Sau da yawa ko ɗigon ruwa bai sauka ba tukuna. Nan take gardama ta kan kaure, wasu su ce dabarar cin kuɗi ce, wasu su ce tsoro ne kawai na banza, har a sami masu matsa wa ma'aikacin lamba ya ƙara zagaye ɗaya kafin ruwa ya zo.

To, abubuwan da suka auku a ƙasashe dabam dabam cikin shekaru ashirin da suka wuce sun nuna cewa ma'aikacin da ya ja sarƙar nan shi ne mai gaskiya. Wurin da ya kamata magidanci ya ji tsoro shi ne wanda ba a taɓa tsai da kome a cikinsa ba, komai kaɗawar iska. Amma kuma mai biyan kuɗi yana da hakkinsa, kuma muddin ba a daidaita wannan hakki ba, za a ci gaba da samun masu wuraren wasa da ke jinkirin rufewa har sai aikin gama ya gama.

Yadda Iska Ke Aiki

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, ƙarfin iska ba ya ƙaruwa daidai da gudunta. In gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin da ta ke tura abu da shi ya kan ninka sau huɗu ne. In ya ninka sau uku, ƙarfin ya ninka sau tara. Alal misali, iska mai gudun kilomita 38 a awa, watau mil 24, tana tura kowane murabba'in mita ɗaya na bango da ƙarfin da ya yi kusan nauyin kilo 7. Bango mai faɗin mita 5 da tsayin mita 4 zai sha turi na kimanin kilo 140, kusan buhun siminti uku ke nan. In iskar nan ta kai kilomita 76, turin zai koma kilo 560, watau buhu goma sha ɗaya. Masu magana sun ce iska na wahalar da mai kayan kara, kuma dalilin ke nan: kayan ba nauyi, amma ga faɗi.

Abu na biyu, iskar da mutum ke ji a ƙasa ba ita ce a sama ba. Gidaje da itatuwa da katangu suna rage mata gudu kusa da ƙasa. Mutumin da ke tsaye a layi yana iya jin ɗan sanyi-sanyi kawai, alhali kuwa a ƙololuwar lilo, mita 40 ko 50 daga ƙasa, iskar ta isa ta karkatar da kujera. Saboda haka ne manyan wuraren wasa su ke kafa ma'aunin iska a can bisa ƙarfen, ya riƙa aiko da lissafi zuwa ɗakin mai sarrafa injin.

Abu na uku, iska ba ta tafiya da gudu ɗaya. Ta kan lafa, sa'an nan ta bugo farat ɗaya na 'yan daƙiƙoƙi. Wannan bugun na farat ɗaya shi ke yin ɓarna, shi ne kuma masu ƙera injunan ke lura da shi in za su rubuta iyakar iskar da kowane inji zai yi aiki a cikinta. Kowane inji da iyakarsa, shi ya sa a kan ga an rufe dogon lilo amma ƙananan motocin yara suna ta aiki a gefensa.

Manyan Injuna

Jirgin wasa mai hawa da gangara, wanda a ke jera taragu a kan dogo mai lanƙwashe-lanƙwashe, ba shi da inji a jikinsa. Sarƙa ce ke jan sa zuwa tudu na farko, daga nan sai a sake shi, nauyinsa ya yi ta kai shi har ya dawo tasha. Masu ƙira sun auna gudun da zai samu daga gangarar farko, sun auna tsayin kowane tudu da ke gaba. In iska ta tare shi ta gaba ta rage masa gudu, sai ya kasa haye tudu na gaba, ya dawo da baya, ya yi ta kai da kawowa har ya tsaya a kwari tsakanin tudu biyu, inda ba tasha, wani lokaci kuma ba matakala. Sauko da mutum talatin daga irin wannan wuri cikin iska aiki ne mai haɗarin gaske.

A Amurka akwai wani shahararren wurin wasa mai suna Cedar Point, a Jihar Ohio, wanda ke kan wani tsinin ƙasa da ya kutsa cikin Tabkin Erie, iska na kaɗa shi ta kowane gefe. A 2003 aka buɗe wani jirgi a can mai suna Top Thrill Dragster, wanda a wancan lokaci aka riƙa cilla shi da gudun mil 120 a awa domin ya haye hasumiya mai tsayin ƙafa 420. An san shi da yawan rufewa in iska ta tashi, kuma tun wajen ƙira aka tanadi birki a kan dogon domin ranar da jirgin zai kasa hayewa ya dawo da baya. A 2011 kuma suka kafa lilon majaujawa mai suna WindSeeker, tsayinsa ƙafa 301, aka rataye kujerunsa da hannuwan ƙarfe maimakon sarƙa domin kada iska ta gwara su. Duk da wannan dabara, shi ma yana da iyakar da in iska ta kai a ke sauke shi.

A Ingila, a garin Blackpool da ke bakin teku, akwai jirgin da a ke kira Big One, wanda aka buɗe a 1994, tsayinsa ya haura ƙafa 200. A watan Afrilu na 2023 yanayi ya sake farat ɗaya, masu kula da shi suka tsai da jirgin yana kan hawan tudun farko, aka sauko da mutane da ƙafa ta matakalar da ke gefen dogon. Hotunan sun ba mutane tsoro, amma abin lura shi ne an tsai da shi a inda akwai matakala, kafin a sake shi ya shiga inda babu.

Babban lilo mai juyawa kamar ƙafar keke shi kuma matsalarsa lokaci ce. Wanda ke birnin Landan, London Eye, tsayinsa mita 135, yana da ɗakuna 32, zagaye ɗaya kuwa ya kan ci kusan rabin awa. Ma'ana, wanda ya shiga yanzu ba zai taka ƙasa ba sai bayan minti 30. Dole ne a daina ɗaukar mutane tun iska ba ta iso ba, lokacin da masu layi ba su ga dalili ba tukuna. An rufe shi ranar 18 ga Fabrairu 2022, ranar da aka auna bugun iska na mil 122 a awa a gaɓar kudancin Ingila. A farkon Janairu 2024 kuma iska ta ɓalle murfin saman ɗaya daga cikin ɗakunan da mutane a ciki, aka rufe shi na ɗan lokaci.

Gidan Balan-Balan

Manyan injunan nan su ke ba ido tsoro, amma abin da iska ta fi kashe yara da shi ba shi da ƙarfe ko ɗaya. Shi ne gidan robar nan da a ke hura wa iska yara su shiga su yi ta tsalle, wanda yanzu a ke haya a kafa a bikin suna da na zagayowar ranar haihuwa da bikin rufe makaranta da walimar Islamiyya. Kowa na ganin sa abu mai laushi mara cutarwa. Amma shi ne ainihin kayan kara: ga tsayi, ga faɗi, ba nauyi. In iska ta shiga ƙarƙashinsa sai ta ɗaga shi sama da yaran da ke ciki.

Masana yanayi na Jami'ar Georgia ta Amurka sun tattara labaran irin wannan haɗari, suka fitar da sakamakon a 2022. Sun ƙirga haɗari 132 a duniya tsakanin 2000 da 2021, inda mutum 479 suka ji rauni, 28 suka rasu. Abin da ya fi ɗaukar hankali, fiye da sulusin haɗurran sun faru ne lokacin da iskar da aka auna a yankin ba ta wuce mil 20 a awa ba, watau ranar da kowa zai ce garau ta ke. A watan Yuli 2006, a arewacin Ingila, iska ta ɗaga wani ƙaton gidan roba da aka kafa domin 'yan kallo, mata biyu suka rasu. A Janairu 2022, a garin Mislata kusa da Valencia a ƙasar Sifen, 'yan mata biyu ƙanana suka rasu ta irin wannan hanya.

Hukumar kula da lafiyar ma'aikata da jama'a ta Ingila ta ajiye ƙa'idodi a kan wannan. Ba a amfani da gidan balan-balan in iska ta wuce mil 24 a awa, watau kilomita 38. Dole ya kasance yana da aƙalla wuraren ɗauri shida, kuma a ɗaure dukansu. Turken ƙarfe da za a kafa a ƙasa kada ya gaza santimita 38 a tsayi, kaurinsa kuma milimita 16. In a kan kwalta ne ko daɓen siminti, inda turke ba ya shiga, sai a ɗaure kowace igiya a jikin nauyin da bai gaza kilo 163 ba. Mai karatu ya lura da wannan: buhun siminti uku da ɗoriya ga kowace igiya guda. Wanda ya ɗaure igiya huɗu a jikin bulo ɗaya ɗaya, ko tayar mota, ko ƙafar kujera, bai ɗaure kome ba.

Hukunci Biyu

Shari'u biyu sun nuna inda alhakin mai haya ya fara da inda ya tsaya. Ranar 26 ga Maris 2016, a garin Harlow na Ingila, lokacin bikin Ista, iska ta ɗauke gidan balan-balan da wata yarinya 'yar shekara 7 a ciki, ta yi ta mirgina shi har kusan mita 300. Yarinyar ta rasu. Tun kafin ranar hukumar hasashen yanayi ta yi gargaɗin iska. A 2018 kotu ta sami mata da mijin da ke kula da gidan da laifin kisa ta hanyar mummunan sakaci, domin ba su ɗaure shi yadda ya kamata ba, ba su kuma lura da ƙarfin iskar ba. Aka ɗaure kowannensu shekara uku. Alƙalin ya yi kira da a tilasta wa masu irin wannan sana'a riƙe ma'aunin iska.

Ta biyu ta faru ne a garin Devonport, a tsibirin Tasmaniya na ƙasar Ostareliya, ranar 16 ga Disamba 2021, ana bikin ƙarshen shekara a wata makarantar firamare. Gari ya waye lafiya lau, ba hadari. Sai guguwa ta taso a filin makarantar ta ɗaga gidan sama kimanin mita 10. Yara shida suka rasu, 'yan shekara 11 da 12. Masu gabatar da ƙara sun ce wuraren ɗauri takwas ne amma huɗu kaɗai aka kafa wa turke. Duk da haka, a watan Yuni 2025 majistare ya sallami mai hayar, ya ce guguwar ba abu ne da wani zai iya hangowa ba, kuma ko da an cika dukan ƙa'idodi da ba a tsira ba. Tun bayan haɗarin aka hana kafa irin wannan gida a makarantun gwamnati na Tasmaniya.

Mutumin Arewa ba baƙo ba ne ga guguwa. Ya san yadda ta kan taso da tsakar rana cikin bazara, a fili mai zafi, ba girgije ko ɗaya a sama, ta kwashe jinka da zana ta wuce. Darasin shari'un nan biyu shi ne, akwai iskar da ke aiko da sanarwa, wanda ya yi kunnen uwar shegu da ita ya ɗauki alhaki. Akwai kuma wadda ba ta sallama, ita kuwa maganinta ɗaya ne, a yi tunani tun farko ko ya dace a kafa abin a buɗaɗɗen fili.

Wa Ke Da Ikon Cewa A Tsaya?

Sau da yawa ba rashin labari ke jawo asarar rai ba, rashin wanda zai yanke magana ne. Ranar 13 ga Agusta 2011, a bikin baje kolin Jihar Indiyana ta Amurka, dubban mutane na jiran mawaƙa su hau dandamali, hadari ya haɗo. Hukumar yanayi ta ba da gargaɗi, ba a yi minti goma ba bugun iska na mil 59 a awa ya rusa rumfar ƙarfen da ke bisa dandamalin a kan jama'a. Mutum bakwai suka rasu, fiye da 50 suka ji rauni. Binciken da aka yi ya gano abu biyu: rumfar ba ta da isasshen ɗauri, kuma ba a tantance tun farko wanda ke da ikon ɗage wasan ko kwashe jama'a ba. Shugabanni sun tsaya shawara, iska ba ta jira su ba.

Alhazan Nijeriya ba za su manta da ranar Juma'a 11 ga Satumba 2015 ba, lokacin da ƙugiyar gini ta faɗo cikin Masallacin Harami a Makka ana ruwa da iska, mutum fiye da 100 suka rasu, kusan 400 suka ji rauni, har da 'yan Nijeriya. Sanarwar hukumomin Saudiyya ta ce iska mai ƙarfi ta sami ƙugiyar a yanayin da ya saɓa wa umarnin masu ƙera ta, domin an bar hannunta a ɗage. Ƙugiya ba lilo ba ce, amma dokar ɗaya ce ga duk wani dogon ƙarfe: mai ƙira ya rubuta abin da za a yi in iska ta kai kaza, sauran aiki na wanda ke wurin ne.

Shi ya sa wuraren wasa masu tsari ba sa barin maganar ga ra'ayin kowa a ranar biki. A kan rubuta lambar tun farko, a manna a ɗakin mai sarrafa inji. In ma'auni ya nuna lambar, sai ya tsai da injin ba tare da ya nemi izinin manaja ba, kuma ba mai ikon sa shi ya kunna sai iska ta lafa na wani lokaci da aka ƙayyade, an kuma zagaya da injin ba kowa a ciki an ga lafiyarsa.

Hadarin Kudu

Yanayin Kudu yana da nasa hali da ya kamata baƙo ya sani. A nan ma, kamar a gida, babban hadari daga gabas ya ke tasowa ya nufi yamma, kuma ya fi zafi a farkon damina da ƙarshenta. Bambancin shi ne a Kudu abin ya kan fara tun watan Fabrairu ko Maris, lokacin da Kano da Sakkwato ke cikin rani, ya sake dawowa wajen Satumba zuwa Nuwamba. Irin wannan hadari ya kan yi tafiyar kimanin kilomita 50 a awa. In an hango baƙinsa daga nisan kilomita 10, bai fi kwata na awa ba zai iso. Kuma iska ce ke riga ruwa zuwa: gari ya yi tsit, sanyi ya bugo, sa'an nan ƙura da ledoji su tashi. Wanda ya ce sai ya ga ruwa zai sauke yara ya makara.

Mazauna Ikko sun ga misali da safiyar Litinin 13 ga Fabrairu 2012, lokacin da iska ta taso ta kwashe rufin gidaje, ta karya turakun lantarki da itatuwa, mutum fiye da goma suka rasu, ciki har da yara 'yan makaranta da kwalekwalensu ya kife a yankin Ojo. A birni kamar Ikko kuma dogayen gine-gine suna tare wa mutum gabas, ba kamar a karkarar Arewa ba inda a ke hango hadari tun daga nesa. A bakin teku, inda jama'a ke tururuwa ranar yawon Salla, iska ta kan ƙaru da la'asar, kuma yashi ba ya riƙe turke kamar yadda ƙasa mai tauri ke riƙewa.

Wanda ba shi da ma'auni yana iya amfani da idonsa. Tun 1805 wani hafsan sojan ruwa na Ingila, Francis Beaufort, ya tsara matakan iska, daga baya aka haɗa su da alamomin da a ke gani a tudu. In ƙura da takardu sun fara tashi, ƙananan rassa na motsi, mataki na huɗu ke nan, kilomita 20 zuwa 28 a awa. In ƙananan itatuwa masu ganye sun fara rangaji gaba ɗayansu, mataki na biyar ne, kilomita 29 zuwa 38, iyakar gidan balan-balan ke nan. In manyan rassa na kaɗawa, wayoyin lantarki na fito, lema ta gagari riƙo, an shiga mataki na shida, bai kamata a ga yaro a bisa kowane dogon abu ba.

Maganar Kuɗi

Dole a faɗi gaskiya game da abin da ke hana rufewa da wuri. Mai wurin wasa a ranakun biki ya ke samun ribar da za ta riƙe shi watanni. Ya biya ma'aikata, ya sayi man janareta, awa biyu da za a yi ba a aiki babbar asara ce gare shi. Ƙaramin mai haya kuma yana tsoron uwar biki ta ce ba za ta cika masa kuɗi ba in ya sace iskar gidan tun taro bai watse ba. Ga kuma jama'a suna ihu a kan ma'aikaci, wanda sau da yawa yaro ne ɗan ƙwadago da ke tsoron kora. Duk nauyin nan a gefe ɗaya ya ke, gefen a ci gaba.

Maganin wannan shi ne a raba maganar tikiti da maganar tsaro. In an rubuta a bakin ƙofa cewa duk wanda aka rufe lilo yana riƙe da tikiti za a mayar masa da kuɗinsa, ko a ba shi takardar dawowa wata rana, to ba mai dalilin yin faɗa da ma'aikaci. In an sa a yarjejeniyar haya cewa za a biya mai gidan balan-balan ko da iska ta sa ya sauke, shi ma ba shi da dalilin yin ganganci. A nan ne hukumomi ke da aiki. Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, NiMet, wadda aka kafa da doka a 2003, tana fitar da hasashe kullum. Jihar Ikko tana da hukumar tsaron lafiyar jama'a wadda dokar 2011 ta kafa. Akwai hukumar kula da ingancin kaya, SON, da ta kare hakkin masu saye, FCCPC. Ya kamata lasisin kowane wurin wasa ya ƙunshi sharaɗin ma'aunin iska, da rubutacciyar iyakar kowane inji, da sunan mutum ɗaya mai ikon tsayarwa, da tsarin mayar da kuɗi. Ya kamata kuma ido ya kai ga masu haya na cikin unguwa, domin su ne suka fi yawa, su ne kuma suka fi kusa da yara.

Abin Da Ya Rage Ga Iyaye

Kafin hukuma ta yi nata, magidanci na da abin yi. Ya saurari hasashen yanayi kafin ya fita, in da hali ya kai yara da hantsi maimakon yamma. In ya isa, ya zagaya gidan balan-balan ya ƙirga igiyoyin da idonsa, ya ga abin da aka ɗaure su a jiki. Ya tambayi mai kula da shi a wane ƙarfin iska ya ke saukewa. Wanda ya kasa ba da amsa bai san aikinsa ba. Ya riƙa waiwayen gabas. In ƙura ta tashi, ya fito da 'ya'yansa ko da ba a ce a fito ba, ya nisanta da allunan talla da rumfunan biki da manyan itatuwa.

Shugabannin makarantun Islamiyya da kwamitocin unguwanni da fadodin Sarakunan Hausawa, waɗanda su ke shirya taron yara a Agege da Shagamu da Sabon Badun da Fatakwal, suna iya sa waɗannan sharuɗɗa kafin su ba kowa kwangila, su kuma naɗa mutum ɗaya tun kafin taro wanda in ya ce a sauke, an sauke. In kuwa ma'aikaci ya ja sarƙa ya ce iska ta yi yawa, abin da ya dace da dattijo shi ne ya tsaya a bayansa ya lallashi jama'a, sa'an nan ya nufi ofishin manaja ya nemi hakkinsa na tikiti cikin lumana. Kuɗin shiga ana iya karɓo shi gobe. Allah ya kiyaye mana zuriya.